Wa Zai Karanta Mana Ranar Lahadi?

Zariya gari ne da ke alfahari da karatu, kuma yana da hujjar yin hakan. A nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan kamfanin Gaskiya da na NNPC suka buga littattafan da iyayenmu suka karanta a firamare. A Samaru kuma, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 tana koyar da Hausa har zuwa digirin digirgir. Duk da haka, a cikin garin nan akwai gidan da ake bin samari da 'yan mata ɗaya bayan ɗaya, ana neman wanda zai iya tsayawa gaban jama'a ya karanta shafi guda na Hausa ba tare da tuntuɓe ba, kuma akan sha wuya kafin a samu. Gidan nan shi ne cocinmu.

Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a jami'a, Bahaushiya, kuma 'yar ɗarikar Katolika. Na san wasu za su koma su sake karanta layin nan, domin ko a ɗakin kwananmu na makaranta na sha tambayar, "Yanzu ke Hausa ce yarenku na gida?" Ita ce, ba mu da wani yaren. Kakannina mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Ikara, cikin waɗanda ake kira Maguzawa, sun karɓi addinin Kirista tun mahaifina yana goye. Aikin gonar gwaji ne ya kawo shi Samaru, a nan aka haife ni. Irinmu suna da dama a ƙasar Zazzau da Kano da Katsina, har a ƙarshen 2023 aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama Bishop na farko na sabuwar dayosis ta Katsina.

Gidan da mutanensa

Bari in ɗan yi wa wanda bai san tsarinmu ba bayani. Yankin da Fada, wato limaminmu, yake kula da shi ana kiransa farish. Idan irin waɗannan yankuna da yawa suka haɗu a ƙarƙashin Bishop ɗaya, sun zama dayosis. An yanke dayosis ta Zariya daga ta Kaduna a watan Disamba na 2000. Bishop George Dodo ya riƙe ta har zuwa rasuwarsa a Yulin 2022, sannan Bishop Habila Daboh ya gaje shi a 2023. Kujerar Bishop tana babban cocin Kristi Sarki da ke Sabon Gari, wanda 'yan acaɓa suka fi sani da Christ the King. Namu cocin ƙarami ne, a gefen Samaru yake, amma idan babban biki ya zo can muke nufa, mu cika bas mu bi ta Palladan da Kwangila da PZ.

Ba mamaki babban cocin ya kasance a Sabon Gari. Unguwar ta tashi ne da zuwan jirgin ƙasa, wanda layinsa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, ya zo da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu. Daga baya barikin soja da jami'a da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da asibitin koyarwa na Shika suka ƙaro mutane daga ko'ina. Shi ya sa idan ka leƙa bencinanmu ranar Lahadi za ka ga Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi da Kurama, ga Tibi da Idoma da Ibo da Angas, ga mu Hausawa. Farfesa yana zaune kusa da mai gadin ofishinsa, matar soja kusa da mai faci, nas da ta taso daga aikin dare tana gyangyaɗi a kafaɗar mai sayar da ƙosai.

Babbar sujadarmu ita ce Mas, kuma a cocinmu sau biyu ake yin ta ranar Lahadi, ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa. Na Turanci shi ne na ɗalibai da ma'aikata da manyan 'yan kasuwa, da kiɗan fiyano da kwalliya ta kece raini. Na Hausa shi ne na tsofaffi da manoman ƙauyukan kewaye da leburori da masu gadi da matan bariki. A nan ake buga tulu da ganga, a kaɗa kacau-kacau, idan waƙa ta yi daɗi wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. A da ba haka abin yake ba. Kafin babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965, da Latin ake yin Mas a kusan ko'ina. Taron ne ya buɗe ƙofar yin sujada da harshen da jama'a ke ji. Kakata, wadda bayan an buɗe ƙofar nan ta shigo, takan ce, "Da da Turanci aka zo mana da shi, da har yau ina gindin tsamiya."

Abin da ke kan allon sanarwa

Duk mai son sanin yadda farish yake rayuwa, ya tsaya a allon sanarwar da ke bakin ƙofa. Takardu ne manne da ƙusa, wasu rana ta koɗar da su, kowace ɗauke da jadawalin wani aiki da sunayen masu yin sa.

Akwai ɗan gajeren Mas na sassafe daga Litinin zuwa Asabar. Mahaifiyata ba ta saita agogo dominsa, kiran sallar asuba na masallacin layinmu ne yake tashe ta. Ranar Alhamis ta Zumuntar Mata ce. Su ne ƙashin bayan cocin, ko Fada ya san haka. Suna koyon waƙa, suna zuba adashi, idan an yi haihuwa su je barka da sabulu da turmin atamfa, idan an yi rasuwa su ɗora tukunya a gidan makoki kwana da kwanaki. 'Yan Rundunar Maryamu suna fita bibbiyu su duba marasa lafiya da waɗanda aka daina gani a coci, kuma a taron mako mai zuwa dole kowa ya tashi ya faɗi inda ya je, sakatare ya rubuta. 'Yan ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul suna tsayawa da akwati a ƙofa bayan Mas. Abin da aka jefa musu shi ke zama kwanon masara ga gwauruwa, ko kuɗin magani, ko kuɗin jarrabawar maraya, kuma ba sa tambayar mabukaci addininsa. Na ji daɗi ranar da na gano cewa wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar nan a babban birnin Faransa a 1833, Frederic Ozanam, ɗalibin jami'a ne mai shekara 20 kamar ni.

Asabar da safe yara na koyon katikisim, wato tambaya da amsa kan ginshiƙan addini. Da yamma 'yan kwaya na gwajin waƙa, unguwar da juyi ya zo kanta kuma ta zo da tsintsiya da bokiti ta share coci ta goge bencina. A watan Oktoba ana bin gida-gida ana jan rosari, carbinmu mai rukuni biyar na duwatsu goma-goma. A lokacin azuminmu na kwana 40, wanda ke farawa da Larabar Toka, kowace Juma'a ana bin Hanyar Gicciye, ana tsayawa a matsaya 14 ana durƙusawa. Bayan kaka akwai bikin godiya, inda ake gwanjon masara da doya da awaki, zakara ɗaya a saye shi ninki uku na kuɗinsa a Kasuwar Samaru, mai sayen ya mayar a sake gwanjonsa, duk don a samu na gyaran rufi. A ƙarshen Nuwamba kuma sai bikin Kristi Sarki, ranar da ake fita jerin gwano, mata cikin anko, yara 'yan fararen kaya suna watsa furanni.

Duk wannan aiki ba wanda ake biya ko kwabo. Fada mutum ɗaya ne, kuma bayan cocinmu yana da ƙananan majami'u a ƙauyuka da yake zagayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka kowane aiki yana jiran wanda zai sa sunansa a takarda.

Akwai jadawali guda da babu shi a zamanin ƙuruciyar iyayenmu, wato na masu tsaron ƙofa. Ranar Lahadi 17 ga Yunin 2012 aka kai harin bam cocin Kristi Sarki da wani cocin ECWA a Wusasa da wani a Kaduna, aka rasa rayuka, rikici ya biyo baya, gwamnati ta sa dokar hana fita. Ina firamare a lokacin. Abin da na fi tunawa shi ne yadda mahaifiyata ta daina zuwa coci da jaka, ta koma ƙulle kuɗin baikonta a bakin zane. Tun daga nan samari ke juyin tsayawa a ƙofa da na'urar bincike, ana ajiye motoci nesa da gini. Masu wannan ta'asa ba su bar kowa ba, domin a Yulin 2015 bam ya tashi a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, ya hallaka ma'aikatan da suka je tantancewa, Musulmi da Kirista. Abin da ya sa na kawo zancen shi ne, jadawalin tsaron ƙofa bai taɓa rasa suna ba. Samarinmu sun yarda su tsaya a rana, a wurin da ya fi ko'ina haɗari. Takardar da ke zama fayau ita ce ta masu karatu a Mas ɗin Hausa.

Shafi guda, gumi kamar an yi noma

A kowace Lahadi ana karatu uku daga Littafi Mai Tsarki, da zabura a tsakani. Na farko yawanci daga Tsohon Alkawari yake, na biyu daga wasiƙun manzanni, na uku kuwa Bishara ce, wadda Fada ko dikin ne kaɗai ke karantawa. Biyun farko na jama'a ne, mace ko namiji. An tsara karatun a kan zagayen shekara uku, kuma abin da aka karanta a Samaru shi ake karantawa ranar a Roma da Legas. Saboda haka mai karatu ba shi da zaɓi. Idan ranarka ta faɗo kan su Nebukadnezzar da Malkisadik, sai ka yi ta maza.

A ɓangaren Turanci, sunaye sun cika takarda har wata uku gaba, wasu ma sai sun yi kamun ƙafa. A ɓangaren Hausa, sunaye uku ne ke ta juyawa. Akwai Baba Katikis, akwai wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, sai wata nas da sau da yawa Lahadi ke samunta a bakin aiki. Baba Katikis ya haura saba'in, yana ta fara rufe masa ido. Yakan kawo littafin daf da hancinsa, idan an ɗauke wuta ya haska da tocilar waya. Rabin abin da yake karantawa ma daga ka yake fitowa, don ya shekara fiye da talatin yana maimaita shi.

Mutum zai ce ai duk matasan cocin suna jin Hausa, da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke faɗa a filin ƙwallo. Gaskiya ne. Amma jin Hausa daban, karanta ta a fili daban. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya. Fari na launi da fari na rashin ruwa haka. Sai mai karatu ya fahimci jimla kafin ya buɗe baki. Wata Lahadi aka ba wani yaro labarin Annabi Iliya da gwauruwar nan da ɗan garin tuwonta ya kusa ƙarewa, ya furta shi kamar garin da ake zama, tsofaffi suka yi ta kallon juna. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ƙafa da kafa, haka ɓata da bata. Waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne kuma suna fama da "ts", sai tsarki ya koma sarki, tsoro ya koma soro. Ba a yi wa kowa dariya a coci, amma za ka ji matan Zumunta suna gyara kalmar ƙasa-ƙasa daga bencinsu, wanda aka yi wa haka sau ɗaya kuwa da wuya ya sake dawowa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Da yawanmu mun yi makarantun kuɗi inda ake cin tarar wanda aka kama yana Hausa. A sakandare mun gudu daga darasin Hausa don a ganinmu ba ya kai mutum ko'ina. Hausar da muke rubutawa yau ita ce ta WhatsApp, su "ykk" da "lfy" da "gsky", babu lanƙwasa, babu waƙafi, babu aya. A kan wannan kuma ga girman kai. Na taɓa jin wani ɗan ajin ƙarshe yana cewa shi da yake karatun injiniya ba zai tsaya yana karatun 'yan ƙauye ba, alhali mahaifiyar da ta sayar da dawa ta biya masa kuɗin makaranta tana zaune a Mas ɗin da yake rainawa.

Abin da ake asara ba ƙarami ba ne. Yawancin masu zuwa Mas ɗin Hausa ba sa karatu da kansu. Abin da kunnensu ya ɗauka ranar Lahadi shi ne guzurinsu na mako. Kakata takan dawo gida ta zauna bakin gadon wata maƙwabciyarmu da ciwon ƙafa ya kwantar, ta ba ta labarin karatun ranar tun daga farko har ƙarshe. Idan mai karatu ya yi ta in-ina, kakata ta dawo hannu rabbana, maƙwabciyar ma ta rasa. Ranar da abin ya ɓata mata rai takan dube ni ta ce, "Kishiya, wai me ake koya muku a jami'ar nan? Yau yaron nan karatu ya yi ko tsakuwa yake taunawa?" Bayan nassi ma, wasiƙun Bishop da sanarwar rigakafi da ta rajistar katin zaɓe duk da Turanci suke zuwa, sai an samu wanda zai juya su nan take ba tare da ya zubar da rabin ma'anar ba.

Maganar da ƙawata ta faɗa mini

Ba kowa ne ya yarda da ni ba, kuma masu ja da ni suna da tasu hujjar. Wasu samarin sun ce a haɗe Mas biyun a yi da Turanci mai sauƙi, tun da nan gaba kowa zai yi boko. Amsata gare su gajeriya ce: nan gaban ba ta zo ba tukuna, kuma mutanen da ke zaune a bencin yau ba za su jira ta ba.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wata ƙawata 'yar kwaya, 'yar ƙabilar Bajju. Ta ce, "Ke kina kukan Hausa. Ni kuma Hausar nan ce ta cinye yaren kakata. Ina jin Jju amma ba na iya mayarwa, ƙannena ko ji ba sa yi." Ban da abin musantawa a nan. Hausa tana da rediyo da jarida da fina-finai da miliyoyin masu magana, ba za ta mutu don matasan coci ɗaya sun ƙi karanta ta ba. Harsunan da ke cikin haɗari su ne irin nata. Shi ya sa nake murna idan kwaya ta ɗauko waƙar baiko da Jju ko Tyap ko Tibi ko Ibo, ka ga tsofaffin ƙabilar sun miƙe suna rawa har gaban bagadi.

Sai dai na tuna mata abu guda. Kakarta da tawa benci ɗaya suke zama shekara da shekaru, tare suke zuwa gaisuwar mutuwa, kuma babu harshen da ke tsakaninsu sai Hausa. Ni damuwata a kan mutanen take, su ji abin da suka taso tun da duhu don su ji. Ciwon nata da nawa kuma tushensu ɗaya, wato an koya mana cewa harshen da ake lallashin yaro da shi a gida bai isa a rubuta shi ko a karanta shi a gaban jama'a ba. Wanda ya koyi girmama ɗaya zai girmama ɗayan.

Akwai kuma abokan karatuna Musulmi da ke mamakin jin muna cewa Allah da annabi da addu'a da albarka da sadaka a coci. Kalmomin da muke da su ke nan, da su aka raine mu. Karanta nassi da Hausa ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassarar har da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Angilika, wanda ya zauna shekaru a birnin Zariya. An kusa shekara ɗari ke nan.

Ƙarƙashin darbejiya

Bayan bikin godiyar kaka na bara, mu kaɗan daga ƙungiyar matasa muka je muka sami Baba Katikis, muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce muna so ya koya mana. Ya daɗe yana kallonmu kafin ya ce, "'Ya'yana, na ɗauka sai na faɗi a kan bagadi za ku zo." Tun daga ranar, kowace Asabar bayan shara muna zama a ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan coci, mu ɗauki karatun gobe.

Tsarinsa mai sauƙi ne amma ba ya sassauci. Sai ka karanta nassin sau uku a zuci, ka rufe littafi, ka faɗa masa abin da ya ƙunsa da bakinka. Idan ka kasa, ba ka shirya ba. Daga nan ka ɗauki fensir ka sa alama a inda za ka numfasa, ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ke da fuska biyu. Sannan ya tura mutum ɗaya can bakin katanga, ya ce ka karanta har sai wancan ya ji kowace kalma ba tare da lasifika ba, domin wuta ba ta da alkawari. Kullum gargaɗinsa shi ne, "A hankali, 'yata. Ba kora ake yi ba. Tsohuwar da ke bencin ƙarshe kike yi wa."

Taimako ya zo mini daga inda ban zata ba. Abokiyar ɗakina Musulma ce daga Funtuwa, Hausa take karanta a jami'a. Da ta ga ina ta fama, ta ɗauko takardunta na darasin ƙa'idojin rubutu, ta jera mini kalmomi masu kama da juna a shafi biyu, na kai wa 'yan ajinmu na Asabar. Ba ta taɓa zuwa cocinmu ba, ni ma ban taɓa gayyatarta ba, kowa ya san iyakarsa. Amma daren Juma'a takan zauna a bakin gado ta saurari yadda nake furta kalmomin, ta tsayar da ni idan na haɗiye wasali. Ta ce malaminsu na Islamiyya ba ya barin ɗalibi ya wuce harafi sai ya fitar da shi daga mafitarsa, don haka ba ta ga dalilin da zai sa ni in yi wa nawa karatun riƙon sakainar kashi ba. A azumin 2025, da Larabar Toka ta faɗo ranar 5 ga Maris, 'yan kwanaki bayan an fara Ramadan, ita ke tashina idan ta tashi sahur, in yi bitar karatuna kafin gari ya waye.

Mu tara muka fara, yanzu saura biyar. Jarrabawa ta janye wasu, wata ta yi aure ta koma Kaduna, wani kuma ya ce abin ya fi lissafi wuya. Cikin waɗanda suka rage, wanda ya fi mu duka wani yaro ne Batibe ɗan shekara 14, mai hidimar bagadi, wanda ya koyi Hausarsa a bariki. Ranar da ya fara karatu, da ya sauko, wata tsohuwa ta kamo hannunsa ta damƙa masa goro.

Abin da muka sa a gaba shi ne daren Ista. A wannan dare, mafi girma a shekararmu, an tanadi karatu bakwai daga Tsohon Alkawari, tun daga labarin halitta har zuwa annabawa, kafin a zo kan wasiƙa da Bishara. Doka ta yarda a rage su zuwa uku idan da dalili, kuma shekaru da dama uku ake yi a Mas ɗinmu na Hausa, ba don komai ba sai rashin masu karatu. Bana muna so a yi bakwai ɗin cif, kowanne da muryar matashi, Baba Katikis yana zaune yana saurare. Mu biyar ne, saura biyu. Idan kai ɗan Katolika ne a Samaru ko Sabon Gari, kana kuma iya karanta shafin nan da ke hannunka, to ka riga ka yi rabin tafiya. Je ka sami katikis ɗin cocinku, zai nuna maka sauran.

Ga sauran 'yan uwana matasa kuma, kowane addini kake bi, ga ɗan aikin gida. Ranar da ka je wurin ibadarku, ka lura da masu riƙe da ƙananan ayyukan da ba a biya: ladan, mai shara, mai shimfiɗa tabarma, mai koyar da yara, masu wankan gawa da haƙar kabari. Ka ƙiyasta shekarun kowannensu, sannan ka duba ko akwai wani matashi a bayansa yana koyo. Idan babu, kada ka jira a kafa kwamiti. Je ka gaishe shi, ka ce ya koya maka tun yana da ƙarfin koyarwa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Zazzau da ƙasarmu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe. Amin.